Ƙofar Ɗakin Awaki

A Heipang, bayan filin jirgi,
fartanyar Kaka Chundung ta ci karo da ƙarfe
cikin kunyar dankali:
fari, marar nauyi,
ruwan sama ya lashe rabin lambarsa.

Ta yi ƙofar ɗakin awaki da shi.

Na ce, na soja ne ko na fasinja?
Ta ce, "Daren da dutse ya yi aman wuta
wa ya duba kaki?
Takalma muka tsinta, wari-wari."

Yanzu in jirgi ya taso
ƙofar kan ɗauki rawar ɗari,
awaki su daina tuƙa.
Kaka ta dafa ta da tafin hannu
kamar mai rarrashin goyo,
har ƙugin ya haye duwatsu.