Ƙwarya a Kife

A Zonguldak, bakin Baƙin Teku,
garin da ke tonon kwal tun kaka da kakanni,
ina aiki a wani ɗaki mai shuɗin labule,
ni da na'urar da ke leƙa cikin mutum da sauti.

Yau Dursun ya zo, jikarsa Nehir riƙe da jakar magani.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a ƙarƙashin ƙasa,
taba kuma ta ƙarasa abin da rami ya rage.
Matakala tara ce zuwa ƙofata.
Sau uku ya huta.

Ya ƙi kwanciya. Ya ce shi bai yarda
da abin da ke ganin mutum ba shi da ido ba.
Sai yarinyar ta ɗare gado tana dariya:
"Kaka, duba, ba zafi."

Na shafa mata mai a ƙasan haƙarƙari.
Ga shi a allo, tantanin da ya raba ƙirji da ciki,
ƙwarya a kife, fara sol.
Na ce, ja numfashi.
Ya sauka kamar guga a hannun gwani,
ya ture hanta, ya ba huhu fili,
ya komo sama ba wanda ya roƙe shi.
Tafiyar yatsu huɗu.
Ita ko sanin tana da shi ba ta yi ba.

Dursun ya cire hula, ya kishingiɗa,
matashi biyu a bayansa.
Na nema, na sake nema.
Nasa ya sauko tuntuni, ya baje kamar faifai.
Iskar da ta shiga ce ta ƙi fita,
baƙuwa ta zama mai gida,
huhu ya kumbura ya danne shi.
Na ce, ja numfashi, Baba.
Kafaɗu suka tashi, jijiyoyin wuya suka miƙe,
maƙwabta duk sun fito gayya,
mai gonar kuwa da ƙyar ya gusa yatsa guda.

Ya daɗe yana kallon allon.
"Wannan ne?" in ji shi.
"Ashe akwai wanda ya fi ni daɗewa a rami.
Ba fitila, ba hutun salla, ba fansho..."
Tari ya ƙwace sauran maganar.

Na koya masa: tafi a kan cibiya,
shaƙa ta hanci, tsuke baki kamar mai hura shayi,
a rako ta a hankali, ba a korar ta.
Nehir na ƙirga masa, tana ɓata lissafi da gangan
don ya harare ta ya sake.

Lamba ɗaya takarda ke nema,
na rubuta, na ajiye ta biyun a kaina.
Ta taga na hango su a matakala ta shida,
yarinya ta zaƙu, tana wasa da jaka,
tsoho a tsaye, hannu a ciki,
yana hura shayin da babu.