Lissafin Mai Gadi

Takardar kuran ta zo ran Talata,
jika ɗari huɗu, ba dala goma.
Alhaji Tanimun ya karanta sau biyu,
ya cire tabarau, ya dubi ƙofa,
ƙofar kuwa ni ne a bakinta.

Aka ce rediyona ce.
Aka ce butar shayina ce.
Aka ce samarin layi na cajin waya a ɗakina.
Shekara goma sha ɗaya ina gadin benen nan na Ali Ɗan Sofo,
ko ƙusa ba ta yi ƙafa ba,
yau ga wuta na ɓacewa a hannuna.

Sai aka kawo Sahiya,
ƴar Bagalam, ƴar firit, da jaka ja,
da wani awartaki mai ido
da take maƙala wa waya, kamar likita na jin jijiya.
Ba ta tambayi laifin wa ba.
Ta ce, "Baba Illo, ka iya lamba?"
Na ce na yi lakwal aji uku.
Ta ce, "Ya isa. Ga littafi, ga biro.
Kowace awa je ka gaban kontar,
abin da ta ce, shi za ka rubuta."

Dare bakwai ban san gyangyaɗi ba.
Ƙarfe ɗaya, ƙarfe biyu, har assalatu.
Manyan motocin Jibiya sun daina wucewa,
karnukan Zariya ma sun gaji da haushi,
amma ƴar fitilar kontar na ta ƙiftawa,
ja, ja, ja.
Kowa ya tafi gida, an ja ƙofofi,
to wa ke ci a cikin duhu?

Ran takwas ta baje lambobina a kan benci,
ta ja layi, ya hau, ya sauka, ya ƙi taɓa ƙasa.
Ta ce, "Gini ma ciki gare shi,
naku ko barci yake, yana tauna."
Muka bi sawu.

Firigo a ɗakin ajiya, robar bakinsa ta yage,
gorar ruwa biyu da rabin lemo a ciki,
ya shekara yana yi wa bango fifita.
A sama, ƙwallon tanki ya karye,
inji na turo ruwa, ruwa na bin bayan katanga.
Ashe shi ya sa gwandar maƙwabci
ta fi ta kowa ganye a watan Afrilu!
Tagar yamma gilashi tsirara,
ranar la'asar na shigowa ta zauna
kamar mai bin bashi.
Kwano baƙi, ba rufi a ƙarƙashinsa.

Saura ɗaya.
Ta faɗe shi a hankali, idonta a littafi:
"Injin sanyi na babban ofis,
daga Juma'a har Litinin,
kujera yake sanyayawa."
Alhaji ya yi tari.
Ya ce a kawo wa baƙuwa ruwa.

Aka shafa wa kwano farin fenti,
aka kafa rumfar zana a tagar yamma,
ƙwallon tanki jika biyu a Kadro,
firigo ya tafi wajen ƴan gwangwan.
Ta dasa bedi, ta ce inuwarsa sai nan gaba.
Rediyona ma ta auna ta:
wata cur, ba ta kai kuɗin ƙosai ba.

Wata ya zagayo, takarda ta zo,
jika ɗari biyu da sittin.
Ba wanda ya ce, "Illo, yi haƙuri."
Da yamma dai yaro ya kawo ƙunshi,
ganyen shayi da sukari kwali guda,
ba saƙo.
Na gane.

Littafin ya cika, na sayi wani da kuɗina.
Har yau idan dare ya raba
nakan ɗauki tocila in je gabanta.
Tana ƙiftawa a hankali yanzu,
ta ɗan dakata,
ta sake,
kamar numfashin jikata in ta ƙoshi.
Gwandar maƙwabci kuwa ta fara rawaya.
Gobe zan miƙa mata bokiti ta kan katanga.