Rigar Madam Mariban

Ranar Laraba ta shigo shagona a Gangare,
ana yayyafin Agusta mai shiga ƙashi.
Ta zaro riga shuɗiya daga leda,
mai warin kafur da tsohon akwati.

Ta ce, “Ladidi, buɗa mini ita.”
Hausarta ta kasuwar Taminus ce tsaf,
sai dai “ra” na maƙale mata a wuya
kamar ƙayar kifi.
Maryvonne aka rubuta a fasfo.
Mu Mariban muka iya, ta kuwa amsa.

Na zagaya tef a ƙugunta, ta yi dariya:
“Ƙugun nan ya taɓa biyan kuɗin haya a Faris.”
Tana 'yar sha bakwai, tana miƙa burodi a kantin gwaggonta,
wani mai kyamara ya ce ta juyo.
Ta juyo.
Juyowar nan ta ci shekara goma sha biyu.

Sun koya mata tafiya, sai ka ce da rarrafe ta je musu,
littafi bisa ka, haɓa sama.
Na tuna matan da ke saukowa da itace daga tudu,
wuya a miƙe, ba mai tafa musu.
Tuffa guda da safe, sigari da rana,
da dare yunwa ta ja bargo ta kwanta gefenta.

Sai fim. Sau uku ta mutu a majigi:
ta nutse a kogi, ta sha guba,
na ukun ta manta sanadi.
Na ƙarshen ne ya kawo ta Filato.
Aka ɗora ta kan dutsen Shere cikin rigar nan,
iska na ja, ana ce mata kar ta ƙifta.
Kuɗin masu fim ya ƙare kafin labarin,
suka naɗe wayoyinsu suka hau jirgi.
Ita ta ce bari ta ga ƙarshen damina.

Damina arba'in da ɗaya ke nan.

Yanzu latas take nomawa bakin kududdufin kuza,
farcenta duk jar ƙasa,
ta sha gwate har ta suɗe kwano.

Na juya rigar, na bi ɗinkin da reza.
Aiki ne, wallahi, allura ba ta yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya.
Amma ko faɗin yatsa ba su bari a ciki ba.
Wanda ya ɗinka bai yi zaton
mai rigar za ta taɓa ƙoshi ba.

Na tsaga gefe da gefe,
na shigar da ƙyallen atamfa mai zanen zabi,
ragowar ɗinkin bikin Kyauta.

Ran Asabar ta sa.
Daga bakin kekena zuwa ƙofa taku shida ne.
Ta ɗaga haɓa, ta taka,
silifas ɗinta na tsotson laka.
Yaran shago suka saki feda,
mai gyaran rediyo ya leƙo da sukudireba a baki.

A bakin ƙofa ta juyo,
ba wanda ya ce ta juyo,
ta ce, “Nawa ne? Kuma kar ki yi mini kuɗin Turawa.”