Ƙwayar Riɗi

Ƙarfe tara a kasuwar hatsi ta Gadarif,
manyan motoci bakwai sun yi layi suna tari,
ni kuwa ina durƙushe gaban firinta
kamar mai lallashin jinjiri.

Wai takarda ta maƙale mata.
Jar fitila sai ƙyafta mini ido take.
Na buɗe gaba, na buɗe baya,
na zaro tire, na haska da tocilan waya:
wayam.
Cikinta fes, kamar ƙwaryar da aka wanke aka kife.

Na kashe ta, na zare waya daga bango,
na ƙirga sittin ina cizon leɓe, na mayar.
Ta yi gyaran murya, ta juya hanjinta,
ta yi tsit kamar za ta tuba,
sannan ta maimaita maganarta.

Alhaji Dafa'alla ya leƙo ta taga,
gumi na bin gefen rawaninsa.
"Buhu ɗari uku na jiran rasiɗinka, yaro,
kuma Bur Sudan ba bayan gida ba ce."
Na ce, "Alhaji, ƙarya take sharara mini."
Ya ce, "Ƙarfe ba ya ƙarya. Sai dai mai ƙarfen."

Na sauya takardu, na kaɗa su sun sha iska,
na jiƙa bakin hankici na goge robobin da ke ja.
Har dukanta na yi, sau ɗaya,
Allah Ya yafe mini.

Mudassir bai iso ba sai da inuwa ta shige ƙarƙashin motoci.
Bai ko kalle ta ba.
Ya aika wurin Sittana a kawo masa shayi mai na'ana'a,
ya shanye, ya kife kofi,
sannan ya kara kunne a jikinta ya ce in kunna.

"Ba ta da ido," in ji shi, "ɗan yatsa gare ta."
Ya nuna mini wani baƙin harshen roba,
bai kai farcen ƙaramin yaro ba.
"Takarda in ta zo wucewa ta danne shi,
in ta wuce ya miƙe.
Ran da ya kasa miƙewa,
ko Alƙur'ani ka ba ta za ta dafa
cewa har yanzu akwai abu a maƙogwaronta."

Ya sa hantsaki. Ya daɗe, numfashinsa a riƙe.
Ya ɗora mini abin a tafin hannu:
ƙwayar riɗi guda,
ta yi maiƙo, ta sha ƙura ta yi baƙi.
Cikin samfurin da manoma ke zube mini a tebur
ita kaɗai ta zaɓi wannan hanya.

Harshen ya miƙe. Fitila ta koma kore.
Rasiɗai suka riƙa fitowa da ɗuminsu kamar gurasa,
motoci suka tashi ɗaya bayan ɗaya,
Alhaji ko sannu.

Da dare na kasa barci.
Shekara huɗu ke nan ba ma magana da wana, Attayyib.
Na sha buɗe zancen gaba da baya ina haskawa:
gona an raba, ba wanda aka ƙwara,
bashin tarakta na biya har da na mai.
Duk wanda ya tambaya, in ce masa ba komai,
kuma ba ƙarya nake ba.

Sai dai ranar sadakar ukun Inna,
ana kwashe tabarmi,
ya ce, "Kai ai baƙo ne a gidan nan,"
yana dariya.
Ni ma na yi dariya.

Ƙwayar tana cikin kwalin ashana a gefen katifa.
Na ɗauki waya. Lambarsa na nan, ban taɓa gogewa ba.
Tana ta ƙara, can Sinnar,
sau uku,
sau huɗu.