Faifan da Ba a Ɗaure Ba

Na kai wa Iya Tasalla hoton a Domayo
daren da aka ɗauke wuta.
Ta matso da fuska jikin kwamfuta
har hasken ya kwanta cikin tsagar kumatunta.

Ta ce, Sallau, wa ya saƙa faifan nan?
Farawar daga cibiya daidai ce,
amma ya saki kaba tana lilo a gefe,
hannu biyu, ko ɗaya bai ɗaure ba.

Na ce, Iya, garin taurari ne,
sun fi geron kasuwar Marwa yawa,
suna juyawa kamar damu a ƙwarya.
Madubin hangen nesa ya kamo shi,
ya kwana yana tara haske ɗigo-ɗigo
kamar mai taren ruwa a indararo.

To wannan baƙin zanen fa?

Ƙura ce, ta tare ido.
Mun yi shekaru muna cewa babu komai a wurin,
sai da aka ƙera madubi mai jin ɗumi,
irin tafin hannunki bisa toka da asuba
in kina neman garwashin jiya.
Ashe can ciki ake haihuwar taurari,
ba ɗaya ba, ba goma ba,
ko wani bai buɗe ido ba wani ya faɗo.

Ta yi dariya har da tari.
Shekara arba'in tana yankan cibi a unguwar nan,
daga bakin Mayo Kaliyawo zuwa gindin dutse.
Ta ce, sai yanzu malamanku suka sani?
Ina ka taɓa ganin naƙuda a tsakar gida?
Labule ake saki.
Na waje ɗumi kawai yake ji, da kuka.

Na ce hasken nan ya daɗe a hanya,
tun babu Marwa, tun babu mai suna
ya baro gida.

Ta yi shiru, tana murza carbi.
Wato jariran sun yi furfura ke nan,
wasu ma an yi musu sadakar uku,
mu kuwa yanzu goron sunan ya iso.

Wuta ta dawo, unguwa ta ɗau ihu.
Ta ce, kashe ƙwan nan tukuna,
ban gama ƙirga su ba.