Tambaya ta Sha Bakwai

Ƙarfe biyar nake barin Idi-Araba,
laima a hammata, takardu cikin leda,
don ruwan Ikko ba ya sallama.
Kwandasta na rataye a ƙofar danfo
yana kiran Yaba, Yaba,
kamar uwar da ɗanta ya ɓace a kasuwa.

A Akoka aka koya mana
cewa jama'a aba ce da ake aunawa.
Dakta Akinwale ta zana da'ira a allo:
a gano matsala, a tsara manufa,
a aiwatar, a duba, a koma farko.
Da'irar ta haɗe tsaf, ba ƙofa ba taga.
Na kwafe ta da jan biro,
har na yi mata ado.

Sai aka ba mu aiki:
mutum sittin, tambaya ashirin,
kan dokar hana acaɓa.

Na fara da Kawu Tanimu
a bencin mai shayi, bayan masallaci,
inda yanzu yake wuni.
Shekarunka nawa?
Ya ce, rubuta: na girmi gadar can.
Nawa kake samu a wata?
Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.
Ya ce, Uwani, ashe abin da ake biya muku kuɗin makaranta ke nan,
ku zo ku tambayi kaza ranar wanka?

Muka iso ta sha bakwai.
Yaya dokar ta shafe ka?
Sosai. Kaɗan. Ko kaɗan.
Akwati uku, a zaɓi ɗaya.

Ya ajiye kofi.
Ya ce, saura biya uku na mallaki babur ɗin.
A wayar wani yaro na ga ana niƙe su,
ƙarfe bisa ƙarfe, kamar gwangwanin madara.
Na yi ta neman nawa a cikin tulin,
yana da jan ƙyalle a madubi.
Wane akwati ne na jan ƙyalle?

Na ja layi a kan Sosai.

Ranar Laraba Morenike ta kai ni gidansu a Bariga,
don mu cika adadi.
Mahaifiyarta ta zuba mana amala,
ta goge hannu, ta zauna.
Da muka zo ta sha bakwai
ba ta ce komai ba,
ta nuna bango da haɓa:
hoton Dapo da rigar makaranta.
Ojuelegba, da yamma, shekara huɗu ke nan,
wani mai babur yana sauri ya riga fitila.
Ta ce, da an yi dokar tun da wuri.
Sai ta tashi duba miyar da ba ta kan wuta.

Na ja layi a kan Sosai.

Daren Lahadi, janareton maƙwabta na tari,
na zuba sittin ɗina a kwamfuta.
Ta haɗiye su, ba ta ko tauna ba.
Kashi saba'in da biyu cikin ɗari: Sosai.
Ga Kawu, ga maman Dapo,
kafaɗa da kafaɗa a gida ɗaya na jadawali,
su da ba su taɓa gaisawa ba.

Na ci sittin da takwas.
Dakta ta rubuta a gefe: jadawali mai tsabta,
amma ina shawararki ga gwamnati?

Shafin nan har yau fari ne.
Na saka shi a leda saboda ruwa.
Kullum da asuba nakan wuce bencin mai shayi,
Kawu ya ɗaga kofi ya ce,
'yar boko, an gama auna mu?
In ce, da saura, Kawu,
in ruga kada danfo ta cika.