Allon Bakin Ruwa

Ni ke rubuta allunan garin nan.
Sunan shagon Nomau mai faci, hannuna ne,
da kifin da ke dariya a bangon gidan abinci,
da "Sai Haƙuri" a gefen jirgin Rofiya.
Duk inda ka juya, fentina ke bushewa a Yelwa.

Ran Talata dillali Kakale ya zo da fallen kwano,
ya ce, Gado, ja nake so, ja kamar manja:
FILI NA SAYARWA, ƙafa ɗari biyu da hamsin,
gabansa titi, bayansa tafki,
ya dace da gidan mai, ko masauki, ko jerin shaguna.
Ya ajiye rabin kuɗi da lambar waya,
ya hau babur ya nufi kasuwa.

Na san filin.
Takarda ta ce babu kowa a cikinsa.
Amma nan Inna Tumba ke shanya warangi
kan buhunan da ta farke ta ɗinke,
nan Sarkawa ke kife jirgi su liƙe shi da kwalta,
nan albasar gungu ke kwana kafin motar Ikko,
ga giginya guda, mai rowar inuwa.

Ubana ya taɓa nuna min da sanda
inda gidansu yake, can tsakiyar shuɗi.
Ya ce, ku kuna auna ƙasa da ƙafa,
mu tamu da gora ake aunawa.

Na tsoma buroshi.
Haruffa suka miƙe, ba wanda ya yi gardama.
Da na iso kan lamba, hannuna ya yi nauyi.
Bakwai ce a takarda. Na rubuta ɗaya.
Ɗan ƙugiyar kanta kawai na hana ta,
abin da bai kai ƙayar karfasa ba,
na ce ko damina guda ta ƙara wucewa.

Wata biyu allo na tsaye, rana na lasar jansa.
An ce wata mata a Gusau ta gaji da amsa waya,
tana rantsuwa ba ta da ko makwancin akuya
balle fili a bakin ruwa.

Mai sayen bai kira kowa ba.
Shayi ya sauka sha wajen Ɗantani,
ya ƙirga tirelolin Kwantagora da ido,
ya ga benaye na leƙen juna ta kan mangwaro,
ya tambayi yaro, yaro ya nuna ƙofar Kakale.
Kafin la'asar an yi albarka,
kafin Juma'a an dasa siminti kusurwa-kusurwa.

Ban ce an zalunci kowa ba.
Magada tara ne, biyu na karatu a Aliero,
ɗaya na kwance, ƙafa ta ƙi warkewa.
Ɗan Tumba ma ya ba da suna cikin masu haƙa harsashi,
dubu huɗu a wuni, da abincin rana.
Gari in ya yi ƙiba sabuwar riga yake nema,
ba ya tambayar wanda ya saƙa tsohuwa.

Jiya Kakale ya kawo cikon kuɗina.
Ya dubi allon da aka tuge, ya dube ni,
ya ɗan kankari ɗayan nan da farce.
Sai ya ce, Alhajin na son suna a bangon gaba,
harafi kamu biyu-biyu, yadda na cikin jirgi
zai karanta ba tare da matsowa.

Na karɓa. Gobe zan hau tsani.
Tumba ta koma bayan maƙera da buhunanta,
ta aiko min warangi a leda, ban san dalili ba.
Magina sun ce daga saman bangon
ana hango har inda ubana ya nuna da sanda.
Alhaji bai zaɓi launi ba.
Zan haɗa shuɗin da kaina,
in ga ko zai zo daidai da na ruwa.